Karsanar Amana a Tukunyar Coci

Ni Bahaushe ne daga ƙasar Nijar, wajen Maraɗi, kuma Kirista ne tun daga kan kakana. Na fara da wannan ne don na gaji da maimaita shi. Shekara shida na yi ina aikin bishara a Abuja, kuma da wuya mako ya fita ban yi wa wani wannan bayani ba. Ranar da na fara zuwa babbar majami'ar da ta ɗauki nauyina a cikin gari, sanye da kaftani da hula, masu gadin ƙofa suka tare ni, suka zazzage jakata a ƙasa, har Littafi Mai Tsarki sai da suka karkaɗe. Ɗayansu ya ce, "Aboki, nan coci ne fa." Na ce na sani, ni ne mai bisharar da kuka aika a kawo muku. Ya dube ni sama da ƙasa, ya faɗa wa ɗan'uwansa wani abu da Turanci, suka kwashe da dariya. Sai da aka kira wani dattijo daga ciki sannan aka bar ni na shiga.

Aka ba mu gida mai ɗaki biyu, ni da matata, a wani ƙauye gaba da Kwali. Kai, mun sha baƙunta! Faransancin da na ɓata ƙuruciyata ina koyo ya zama kayan banza, don duk taro da Turanci ake yi, ni kuwa sai gyaɗa kai. Hausar ma da na zaci ita ce tawa, a nan sai ka ji an ce mace ya zo, yara ta tafi, amma ni ake yi wa dariya wai harshena ya yi nauyi. Ruwan sama kuma idan ya fara ba ya jin kira, har takalmina ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Doya da safe, doya da rana. Matata ta taɓa zama ta yi hawaye sosai a kan furar gero, ni ma da na lallashe ta na fita waje na haɗiye nawa. Idan na shiga mota zuwa gari, kafin mu kai Gwagwalada an tambaye ni ko shayi nake sayarwa ko gadi nake yi.

Wanda nake ƙarƙashinsa shi ne ciyaman na kwamitin bishara, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, mai ƙaton tumbi da ƙatuwar mota. Ba mugu ba ne, kuma da mugu ne da na fi samun sauƙin zuciya. Mutum ne mai kyauta, shi ya saya wa matata keken ɗinki. Amma abu biyu kawai ya sani a aikin bishara: rahoto da hoto. Duk ƙarshen wata sai ya kira ni da irin Hausarsa, "Fasto, ina aiki? Mutane yana ba da kuɗi, suna so su gani." Ni kuwa me zan nuna? An aiko ni ne wajen Fulanin da ke zaune a gefen dajin nan, kuma duk wanda ya san Fulani ya san ba a shiga rugarsu da kyamara a wuya.

Abin da ya cece ni shi ne sana'ata ta farko. Kafin na shiga makarantar Littafi Mai Tsarki na yi shekaru ina bin masu allurar dabbobi a ƙasarmu, na san ciwon saniya tun daga tafiyarta. A bayan ƙauyenmu, tafiyar rabin awa a ƙafa, akwai rugar wani tsoho da kowa ke ce wa Baffa, ni ma haka nake ce masa. Wata takwas ina zuwa gaishe shi, yana shimfiɗa mini tabarma, muna hirar ruwa da ciyawa, bai taɓa barina na matsa kusa da garke ba. Sai wata damina sammore ya shiga shanunsa, ciwon nan da ƙudan tsando ke kawowa, saniya ta yi ta ramewa tana hawaye har ta kwanta. Na ce masa, "Baffa, ka ba ni guda ɗaya, wadda ka riga ka fid da rai da ita." Ya ba ni. Ta tashi. Daga ranar ba a sake yi wa saniya allura a rugar nan ba sai da hannuna.

Ya san ko ni wane ne, ban ɓoye masa ba. Idan lokacin salla ya yi ya ɗauki butarsa, ni na zauna na jira. Wani lokaci ya ce na karanta masa labarin Ibrahim ko na Yusufu daga littafina, ya saurara da ido a rufe, ya ce, "Namu ya ɗan bambanta," ya faɗi nasu. A duk faɗin Abuja, wurin nan ne kaɗai ba wanda ya taɓa yi wa Hausata dariya. Matansa suna dama fura irin ta gida, suna aika wa matata. Idan na zauna a can sai na ji ƙirjina ya buɗe.

A shekarata ta uku, wata safiya, ya kira ni cikin garke. Ya kamo wata karsana ja mai farin goshi, ya sa mini igiyarta a hannu. Ya ce, "Kai mutumin arewa ne. Ka san habbanaye?" Na san ta mana. Al'ada ce ta Fulani: mutum ya ba amininsa karsana ya riƙe, ta haihu a hannunsa, 'ya'yan su zama nasa, ita kuma uwar a mayar wa mai ita. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko duka ba a yi mata, ana fifita ta a kan dabbar da mutum ya saya da guminsa. Kuma ba kowa ake ba ba. Baffa ya ce, "Wannan jikar jikar saniyar da mahaifiyata ta zo da ita gidan aure ce. Kai baƙo ne, ba ka da ko akuya. Ka fara da ita." Na jawo ta har gida ina tafe ina share ido.

Matata ta ɗauke ta kamar 'ya. Ta daina ɗinki da yamma don ta yanko mata ciyawa, tana jiƙa mata dusa da kanwa, tana yi mata magana. Da lokaci ya yi na kai ta wajen bijimin Baffa, ta ɗauki ciki.

To, ga inda nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye ba. Na gaji da tambayar ciyaman, na gaji da zama a taro kamar wanda ke cin abinci a banza. Sai na sa labarin karsanar a rahoto, har da hoto. Alfahari ne ya ja ni, ba wani abu ba. Ciyaman ya kira ni yana ihu don murna, "Fasto! Musulmi ya ba mishan saniya!" Na ce a'a, ranka ya daɗe, ba kyauta ba ce, amana ce, za a mayar. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Da muka haɗu a ofis na sake yi masa, har na sa wani mai jin Turanci ya fassara, don kada gobe a ce ba a gane ba. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Wayon Fulani ke nan, kai ka yi masa kiwo kyauta. Dokar mishan ya ce abin da aka ba mai bishara a filin aikinsa, na mishan ne." Na ce wannan ba ta cikin dokar. Ya ce za mu duba. Na ɗauka maganar ta mutu a nan.

Cikin karsanar yana wata bakwai aka kira dukan ma'aikata taron addu'a na kwana uku a babbar majami'a, daga Alhamis zuwa Asabar, ranar Lahadi kuma bikin godiyar girbi, wanda kowa ke kawo amfanin gonarsa gaban Ubangiji a ci a sha. A ƙofar ɗakin taro aka ajiye kwando, kowa ya jefa wayarsa, wai don kada duniya ta raba mana hankali. Muka yi azumi kwana biyu. Ranar Asabar da azahar aka buɗe baki da shinkafa da farfesun kayan ciki. Yunwa ta ci ni, farfesun kuma ya yi daɗi. Na ci, na miƙa kwano aka ƙara mini.

Da aka mayar mana da wayoyi na ga kiran matata ya cika fuskar wayar. Na kira. Kuka ya hana ta magana, da ƙyar na tsinci abin da take faɗa. Ranar Juma'a da safe mota a-kori-kura ta zo da maza huɗu, suka ce ciyaman ya aiko su, wai fasto ya sani. Ta tsaya a gaban turke, ta riƙe igiyar da hannu biyu, ta yi musu rantsuwa cewa ba tamu ba ce. Suna ta Turanci a tsakaninsu, ɗaya ya ɓamɓare yatsunta, suka ɗora saniyar suka tafi.

Ban san lokacin da na zagaya bayan kicin ba. Fata na shanye a kan siminti, ja. Kan yana cikin baro, da farin goshinsa, da tsagar kunnen rugar Baffa. Mahaucin da suka ɗauko, wani Bakano, yana wanke wuƙaƙensa. Ya ga yadda na tsaya, ya ce, "Malam, taka ce?" Na matsa kusa da baron. Ya ce, "Wallahi na gaya musu tana da ciki. Na ce su nemo wata. Suka ce lokaci ya ƙure." Ya nuna mini wani daro da aka rufe da buhu. Na ɗaga. 'Yar maraƙa ce, har gashi ya fito mata. Nan na durƙusa na amayar da duk abin da na ci.

Na sami ciyaman a gaban majami'a yana nuna wa mata inda za a jera doya da ayaba. Ban gaishe shi ba, kuma ban taɓa yi wa babba haka ba a rayuwata. Na ce, "Me na gaya maka? Sau nawa na gaya maka?" Ya ce na kwantar da hankali. Na ce ba zan kwantar ba! Na ce kun shiga gidana ba na nan, kun murɗe hannun matata, kun yanka dabbar mutum da ciki, kun dafa kun ba ni na ci, sannan ka ce na kwantar da hankali? Hausa ta ƙare mini na koma Faransanci, ban damu ko yana ji ba. Mata suka saki doya suka tsaya kallo.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shi ko a jikinsa. Mamaki ma yake yi. Ya ce, "Haba Fasto, saniya duk ɗaya ne. Litinin mu je kasuwa, ka zaɓi biyu, manya, ka kai masa. Zai yi murna. Gobe kuma za ka tashi ka ba da shaida, jama'a su ji cewa filinka ya fara ba da 'ya'ya." Ka ji fa! Mutumin da bai taɓa kwana da warin garke a rigarsa ba, shi ne zai gaya mini saniya duk ɗaya ce. Mutanen da suke ta addu'a da hawaye Allah ya buɗe musu ƙofa wajen Fulani, ga ƙofar an buɗe, sun sa ta a tukunya da attaruhu. Na ce masa shaidar da zan bayar ba zai so jin ta ba. Na koma bayan kicin, na naɗe fatar na sa a buhu, na fita ban yi wa kowa sallama ba. Daga baya na ji cewa ranar Lahadi an sanar daga kan bagade wai wani Musulmi ya kawo wa Ubangiji saniya, aka yi ta tafi da guɗa.

A daidai lokacin da suke tafin nan ina kan hanyar ruga da buhu a kai. Matata ta ce na ce wa Baffa ciwo ne ya kashe ta, ko maciji. Na yi tunanin haka, Allah ya sani na yi, har na tsara yadda zan faɗa. Amma mutumin da zai gane saniyarsa a cikin duhu da jin kukanta, shi zan nuna wa fata mai yankan mahauci na ce maciji?

Na same shi yana murza igiya a gindin ɗorawa. Muka gaisa yadda aka saba, gaisuwa mai tsawo. Sannan na kwance buhun na shimfiɗa fatar a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa tafin hannu ya shafa ta daga wuya zuwa gindin wutsiya. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har da rahoton da na rubuta.

Ya ce, "Mutanenka ne?"

Na ce, "Mutanena ne, Baffa."

"Sun san amana ce?"

"Na gaya musu."

"An ba ta ruwa kafin a kwantar da ita?"

Na ce ban sani ba. Ya gyaɗa kai. Sai ya ɗago ya dube ni, abin da Bafulatani ba ya cika yi ba, ido cikin ido.

"Ka ci?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na ce, "Na ci, Baffa. Ban san ita ba ce."

Da ma ya zage ni, da ma ya ɗauki sandarsa ya rafka mini, da na ji sanyi. Na ce masa kwamiti zai sayo shanu biyu a kawo. Ya ce, "Ban sayar maka ba, balle a biya ni. Kada a kawo." Ya kira ɗaya daga cikin matansa ta ɗauke fatar, ya sa aka kawo mini fura, ya jira har na kurɓa. Da zan tafi ya raka ni har bakin hanya, ya ce na gaida mai ɗakina, ya ce a gaya mata ya ji ta riƙe igiya.

Ciyaman bai fasa ba, sai da ya sayo shanun nan biyu, fari da baƙi, aka sauke mini su a ƙofar gida har da mai ɗaukar hoto. Na ce su kwashe kayansu. Kwamiti ya zauna a kaina, aka ce ba ni da biyayya, aka ce na bar al'adar arna ta fi ƙarfin dokar ikkilisiya, aka ce na rubuta takardar ban-haƙuri saboda na ɗaga wa dattijo murya a gaban mata. Na rubuta, don takardar zamana a ƙasar a hannunsu take, kuma ina da iyali. Har yau idan na tuna na sa hannu a takardar nan sai na ji kamar na ciji yatsana. Ita kuwa matata, wadda aka murɗe wa hannu, ba wanda ya taka ya zo ya ce mata sannu.

Bayan mako uku, ƙarshen damina, na ji a kasuwa cewa sammore ya dawo dajin. Na cika jakata da magani da sirinji na kama hanya tun da hantsi. Na ce a raina, ko ba komai wannan aikin nawa ne, a nan zan fara gyara abin da aka ɓata.

Baffa ya hango ni daga nesa, ya taso ya tare ni tun kafin na kai ga bukkoki. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a nan bakin hanya. Ya tambayi lafiyata, da ta iyali, da labarin gida Nijar, ko an yi ruwa, ko gero ya yi kyau. Fuskarsa a sake, babu ko alamar fushi. Na ce, "Baffa, na ji ciwo ya shigo. Yaya shanu?"

Ya ce, "Lafiya lau."

Ta bayan kafaɗarsa ina hango garken. Wata farar saniya, wadda ni na karɓi haihuwarta da hannuna, tana tsaye ita kaɗai a gefe, haƙarƙarinta duk a waje, gashinta ya tashi, hawaye na bin fuskarta. Akwai wasu biyu a kwance da rana tsaka.

Na ce, "Baffa, farar can ba za ta kai mako ba. Allura ɗaya ce. Ba sai na shiga ba ma, ka sa a jawo ta nan."

Ya ce, "Lafiyarsu ƙalau."

Na ce, "Don girman Allah, Baffa. Ni ka hukunta ni, amma su me suka yi? To karɓi maganin, na nuna wa 'ya'yanka yadda za su yi."

Na ciro kwalbar maganin na miƙa masa da hannu biyu. Ya dube ta, ya dubi hannuwana, ya mayar da nasa hannuwan bayansa ya haɗe. Ya ce, "Allah shi ne mai rayawa. Rana ta yi, ka gaida gida."

Ya tsaya a tsakiyar hanyar har na juya. Na ɗan yi nisa na waiwaya, na ga farar ta durƙusa da ƙafafun gaba, tana ƙoƙarin tashi ta kasa, shi kuma yana tsaye inda na bar shi, ya ba ta baya, yana jira ya tabbata na tafi. Na mayar da kwalbar cikin jaka, na rataya, na kamo hanyar gida.